Muryar Ummussalma a Cikin Balbela

Litinin, 3 ga Agusta, bayan Azahar

A rediyon mai shayi na ji labarin, da kofi a hannuna. Hukumar da ke kula da gasa a kasuwanci ta yanke wa kamfanin Balbela hukunci: dole ya buɗe wayoyinsa. Nan gaba kowa na iya kafa kantinsa na manhaja a cikin wayar, mai waya ya shiga wanda ya ga dama. Na sa aka ƙara murya, sannan na ajiye kofin.

Bari in rubuta komai tun daga tushe, kada zafin zuciya ya sa in tsallake ko ɗaya daga cikin abin da aka yi mini.

Balbela farar waya ce mai araha. Daga Kangire har Gwaram, da wuya ka shiga gida ba ka ga ɗaya a rataye a ƙusa ba. Amma a kulle take. Ba abin da ke shiga sai ta kantin kamfanin, ba kuma abin da ke fita. Mu masu turi, da muke zuba wa mutane karatu da finafinai da manhajoji a waya, ita ta durƙusar mana da sana'a. Kamfanin kuma wakili ɗaya tak ya naɗa a duk yankin nan, ta hannunsa ake saye, ta hannunsa ake kai kuka.

Dabo. Na rubuta sunan, kuma ban fasa alƙalamin ba. Ci gaba ne.

Talata, 4 ga Agusta, da safe

Ni da Dabo benci ɗaya muka zauna a firamare. Shago ɗaya muka buɗe a bakin tasha, kwamfuta ɗaya, kwano ɗaya. Shi ya riƙe mini babbar riga ranar ɗaurin aurena da Ummussalma.

Ita ma'aikaciyar lafiya ce mai zagaya ƙauyuka. Abin da ke damunta kullum shi ne mata masu ciki suna manta magani, suna manta ranar awo, rubutu kuma ba ya yi musu amfani. Ita da Sista Margaret, unguwarzomar da suke fita tare, suka zauna suka tsara maganganun. Ni na haɗa manhajar, muka sa mata suna Ranar Awo. A bayan shago muka rataya barguna don ƙarar babura, ta zauna a kan jarka tana magana ina ɗauka, zufa na tsiyayo mata, tana ce mini na sa ta a tanda.

Sai abin da ya faru a hanyar Gwaram. Ba zan rubuta shi ba. Wayata tana cikin jakarta ranar, don tata ta fashe, kuma da wayar da jakar ba wanda ya dawo. Duk wata murya tata da nake da ita, duk saƙon da ta taɓa turo mini, suna ciki. 'Yarmu Nasiha ko yaye ta ba a yi ba.

Ina zaune a tabarmar makoki ana shigowa ana fita, Dabo yana Kano yana sa hannu da Balbela. Kafin in dawo hayyacina an yi wa shago farin fenti, an sa Ranar Awo a kantin kamfanin da sunansa. Na ce ya ba ni abin da ke cikin kwamfutar. Ya kalli tsakiyar idona ya ce ya goge, wai kamfani ba ya karɓar kwamfuta sai wankakkiya.

Ƙarya yake yi. Shekara biyu da wani abu ke nan, kuma har yau ƙarya yake yi.

Talata, bayan La'asar

Sau uku na kai ƙara wurin kamfani a baya. Kowace ƙara sai an turo wa wakilin yanki ya bincika. Wato Dabo ya binciki Dabo, ya same shi mutumin kirki.

Alhamis, 6 ga Agusta, da hantsi

Inna, mahaifiyata, tana da Balbela. Dabo ne ya kawo mata, da sallar da ta biyo bayan rasuwar, har da durƙusonsa. Na ce a mayar, ta ce ita ba ta mayar da kyauta, in ina son faɗa in je in yi da sa'ana.

Suna tsammani ban san abin da suke yi da ita ba. Na sani sarai. Inna, tsohuwa da furfura har gira, ta sa an yi mata rajista a Ranar Awo a matsayin mai ciki. Cikin nan ya shekara biyu bai faɗo ba, da ya kai wata tara sai a mayar da shi wata ɗaya. Kullum da safe, in na fita alwala ko na yi kamar ina gyaran babur, sai in ji daga ɗakin Inna:

"Salamu alaikum 'yar'uwa, kin tashi lafiya? Kin sha maganin ƙarin jinin? In ba ki sha ba, tashi yanzu, ina jiranki."

Sai ta yi shiru. Ni na bar wannan shirun da hannuna, don mace ta samu ta ɗauko ruwa. A cikinsa Nasiha take cewa, "Na sha, Umma." Sannan wata 'yar dariya da ta kufce mata ranar ɗauka, wadda ta ce in yanke na ƙi. "Yawwa. Allah Ya raba lafiya."

Yau na tsaya da buta a hannu har ruwan ya ƙare a kan ƙafata ɗaya.

Alhamis, bayan Azahar

Abin da ya sa ba na shiga ɗakin: daga "Allah Ya raba lafiya" ba a nan yake tsayawa ba. Dabo ya yanko "'yar'uwa, kar ki manta" daga wurin da take tuna ranar awo, ya manna a gaban talla. 'Yar'uwa, kar ki manta, sai kiɗa, sai wata mai maƙe murya ta shigo da man shafawa mai sa haske. Matar da ta yi shekaru tana yawo a rana tana roƙon mata su daina shafa wannan guba, ita ya sa take buɗe masa ƙofa.

Wallahi sai ya ɗanɗana kuɗarsa.

Asabar, 8 ga Agusta, da yamma

Na je wurin Sista Margaret bayan ta tashi daga aiki. A hukuncin an ce yanzu mai ƙorafi zai kai kai tsaye, ba ta hannun wakili ba, kuma dole a amsa masa. Ina buƙatar shaida. Ta ce za ta faɗi abin da ta sani ko a gaban wa, ita ta riƙe takarda Ummussalma tana karantawa.

Sai ta zuba mini ido. "Baban Nasiha, kafin ka taɓo mutanen nan, ka ɗauki wata wayar ka kara a bakin ta Inna ka naɗi muryar. Ko ba ta fita tas ba, ka dai ajiye."

Na ce, "Sista, ni? In tsuguna a bakin lasifika in saci muryar matata, da tallan mai a gindinta? Ni na ɗauke ta da hannuna. Tas zan karɓo abina, ranar da aka buɗe wayar."

Ta ce, "To ka naɗa, sannan ka karɓo tas ɗin. Me zai rage ka?"

Na ce zai rage ni. Ta girgiza kai ta ce taurin kaina ko Ummu ta gaji da shi. Ita kaɗai ke iya faɗa mini haka in ci gaba da zama.

Lahadi, 9 ga Agusta

Na tura ƙorafin.

Talata, 11 ga Agusta, da hantsi

Na bi ta gaban shagon da gangan a kan babur, a hankali, a giya ta ɗaya. Yana zaune a ƙarƙashin farin allon nan nasu, ya yi tumbi, ya sa tabarau kamar likita. Ya ɗaga mini hannu. Shekara biyu yana ɗaga mini hannu kamar ba abin da ya faru, wannan ma cin fuska ne. Na kalli allon na kalle shi, na yi murmushi. Na ga hannun ya tsaya a sama bai san inda zai sauka ba.

Na fara haɗa nawa kantin. Rumbu zan sa masa suna. Karatun malaman garin nan, farashin hatsi, abin da mutane ke nema da gaske. Gurbi na farko na bar shi fili, na Ranar Awo ne.

Laraba, 12 ga Agusta

Shiru.

Alhamis, 13 ga Agusta

Shiru. Ruwa tun safe. Nasiha ta ce, "Na sha, Umma," ina ji ta cikin ƙarar ruwa a kwanon rufi.

Juma'a, 14 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

Sun kira. Wata mata ce, Hausarta ta makaranta, ladabi kamar za ta ba ni 'yarta. Kamfanin da ya yi shekara biyu bai san ina duniya ba yau yana ce mini ranka ya daɗe. Ta ce sun ji shaidar Sista, sun kuma tuntuɓi wakilinsu, bai musa ba.

Bai musa ba! Da wane bakin zai musa?

Ta ce hanya biyu ce. Ta farko, a mayar da manhajar hannuna. Sai dai wannan sai mun zauna ni da shi, mun sa hannu tare, zai ɗauki makonni, shi kuma ya ci gaba da wakilcinsa tunda an sasanta. Ta biyu, a rubuta cewa wakili ya sa kayan da ba nasa ba, a cire manhajar daga kanti da wayoyin da take ciki, a kuma karɓe wakilcin.

Na ce, "Ta biyu."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kana iya yin shawara zuwa Litinin."

Na ce na shekara biyu ina shawara. In zauna da shi? Tabarma ɗaya, alƙalami ɗaya, a ɗauke mu hoto muna musabaha, ya koma ƙarƙashin allonsa yana ɗaga mini hannu? Ta sake karanto mini abin da na zaɓa, na ce na ji, Hausa ce.

Lissafina a fili yake. Ranar Juma'a mai zuwa za a saki sabuntawar da za ta buɗe wayoyin. Da ta buɗe, in kwashe muryar daga ta Inna, in yanke tallansa in jefar, in sa a Rumbu. Cirewar tasu kuwa, mutanen da amsa waya ke ɗaukarsu shekara biyu, sai mun ci sabon gero kafin su motsa.

Yau na ci tuwo har da ƙari. Inna ta tambaya ko an yi mini albishir ne.

Litinin, 17 ga Agusta, da safe

Labari ya fara zagawa a tasha. Masu turi da suka koma sayar da rake suna ta zuwa suna mini barka. Wani ya ce an ga Dabo ya je Kano ya dawo fuska ba annuri.

Litinin, bayan Magariba

Ya zo ƙofar gida. Ya yi sallama har sau uku, ina zaure ina jinsa. Ya ce, "Aminullahi, na san kana ciki. Minti biyu kawai, akwai abin da ba ka gane ba a zaɓin da ka yi."

Na bar shi a tsaye har sauro ya kore shi. Inna ta ce wannan ba tarbiyyarta ba ce. Na ce shi ma abin da ya yi ba tarbiyyar uwarsa ba ce. Ba ta sake kula ni ba.

Yanzu ya san ƙofar gidanmu. Da da ya sani.

Laraba, 19 ga Agusta

Ya kira sau huɗu. Na bar wayar tana kuka, ina jin daɗin kukan.

Juma'a, 21 ga Agusta, da safe

Yau ce. Wayar Inna ba ta taɓa ganin data ba, Ranar Awo ba ta buƙata, ita kuma Inna kira kawai take amsawa. Na jira suka gama gaisuwarsu ta safe, sannan na shiga na ce a ba ni. Nasiha ta ɓoye ta a bayanta, ta zata ƙwacewa zan yi. Na tsuguna na ce mata zan gyara ne Umma ta riƙa magana ba kiɗan nan. Ta miƙo da hannu biyu.

Na sa mata data da kaina. Tana kan sabuntawa yanzu, ga ta nan a gefena, layin yana tafiya.

Juma'a, wajen Azahar

An buɗe.

Juma'a, bayan La'asar

An buɗe wayar. Kowane kanti yana shiga. Rumbu ya shiga ba gardama.

Inda Ranar Awo take, fili ne.

Asabar, 22 ga Agusta, da hantsi

Na kira matar. Ta ce umarnin cirewar da sabuntawar tare aka sake su, duk wayar da ta hau data za ta karɓi duka biyun. Na ce su turo mini kwafin da ke wurinsu. Ta ce abin da aka cire bisa ƙorafin mallaka ba a ajiye shi, ƙa'ida ce don kare masu ƙorafi irina. Ta ce ai ta karanto mini. Ladabin nan nata yana nan bai ragu ba.

Shekara biyu suna barci, sai a kaina suka koyi sauri.

Na bi tasha, na bi bakin asibiti, na bi layin masu caji. Duk wanda na gani da farar waya sai na ce ya ba ni in gani. Kowa ya yi sabuntawa, kowa yana murna, har ana ce mini ai ku ne kuka ci nasara. Wani ya matsa sai na sha lemo.

Da safen nan Nasiha ta zauna da wayar a cinya tana jira. Inna ta ce mata Umma ta yi tafiya. Kalmar da muka yi amfani da ita wancan karon ke nan.

Lahadi, 23 ga Agusta

Dabo ne ya jawo. Da bai sata ba da ba a kai nan ba. Dabo ne.

Litinin, 24 ga Agusta, da safe

Sista ta zo gida da kanta bayan ta gama aikin kwana. Na shirya jin "ban faɗa maka ba," ba ta ce ba, kuma da ta ce ɗin da ya fi mini sauƙi. Ta ce mata biyar sun zo mata suna tambayar ina mai tashinsu ta tafi. Sannan ta ce akwai wata Kubra, matar wani Malam Ƙasimu, a wata ruga bayan Dingaya. Wurin ba sabis ko na rantsuwa, da 'yar sola suke caji. Ita ta sa mata manhajar bara da ta zo awo, kuma tun daga ranar wayar ba ta fito gari ba.

Na tashi tsaye ban sani ba.

Zan kara wata wayar a bakin lasifikar in naɗa. Eh, yadda ta ce tun farko. Da tallan, da kiɗan, da kukan kajin gidan, duk ina so.

Na samu ɗan acaɓan da ke bin hanyar, na ba shi saƙo: a gaya wa Malam Ƙasimu gobe Aminullahi mai waya daga Birnin Kudu zai zo da Sista ya duba wayar iyalinsa. Iyakar abin da na ce ke nan. Ta yaya zan zazzage wa ɗan acaɓa cikina, ya je ya zazzage wa mutumin da ban taɓa gani ba?

Litinin, bayan La'asar

An ce gobe da safe mutanen kamfani za su zo sauke allo daga shagon Dabo.

Wayar da ta shekara a ruga ba za ta gudu a kwana ɗaya ba. Na aika a ce sai jibi.

Talata, 25 ga Agusta, wajen Azahar

Na samu benci a wurin mai shayi, daidai saitin shagon. Su biyu suka zo da tsani. Allon ya ƙi fita, sai da suka sa guduma, gefe ɗaya ya tsage. Duk tasha ta tsaya kallo. Suka kwashe kwalayen wayoyi suka zuba a mota, suka karɓi farar rigar kamfanin da ke jikinsa ma, ya tsaya da singileti yana riƙe da tabarau.

A ƙarƙashin allon, tsohon rubutunmu yana nan, fenti bai ci shi duka ba. Ana iya karanta rabin sunana.

Ya hango ni. Bai ɗaga hannu ba. Na ɗaga masa nawa.

Shekara biyu ina tsara yadda wannan ranar za ta yi daɗi. Ta yi daɗi. Na rubuta ta yi daɗi. Shayin ne dai ya huce ban sha ba.

Laraba, 26 ga Agusta, bayan Isha'i

Mun fita da sassafe ni da Sista. Daga Gwaram hanya ta zama taɓo, gero ya rufe gefe da gefe har ba ka ganin gabanka. Sau biyu muna sauka muna tura babur.

Malam Ƙasimu dattijo ne siriri mai fara'a. Ya shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, an yanka zabo, ga fura da nono. Na ƙosa, amma ba a tambayar waya kafin a gaisa, sai da muka bi gida da gona da ruwan bana kaf. Sannan ya shiga ciki ya fito da ita a naɗe cikin ƙyalle, an goge ta tana ƙyalli.

Ya ce, "Malam, da aka ce sai jibi har na ji daɗi, don kwanan nan hadari ya hana solar kamawa, wayar ta mutu. Na ce babban baƙo zai taso tun daga Birnin Kudu ya tarar da mataccen abu? Jiya na hau keke na kai ta Gwaram aka cika ta fal. Mai cajin ya ce akwai wani sabon gyara da kowa ke yi, sai an sa data. Na ce sa mata, ko nawa ne, kada Malam ya zo ya ga mun zauna a baya."

Yana murmushi yana miƙo mini. Tun daga rugar har Gwaram a keke, a cikin wannan taɓon, don kada in raina shi.

Na karɓa. Na duba duk da na sani.

Na ce, "An gode, Baba. An kyauta."

Sista ta tashi ta shiga cikin gida. Ban san me ta gaya musu ba. Can sai ga ta da Kubra, da goyo a bayanta, ta tsuguna daga bakin ƙofa ta gaishe ni ta yi mini gaisuwar rashi da aka daina yi mini tuntuni. Ta ce, "Malam, ashe mai ɗakinka ce. Ni ban taɓa ganinta ba, amma wata da watanni ita ke tashina. Na haddace ta duka, in kana so."

Sista ce ta ce ta faɗa. Na kunna naɗin murya a wayata.

Ta sunkuyar da kai ta fara. Salamu alaikum 'yar'uwa, kin tashi lafiya. Kalma ba ta kuskure ba, har inda Ummussalma ke jan "jiranki". Ta yi shirun daidai tsawonsa. Ta yi 'yar dariyar.

Malam Ƙasimu ya ga fuskata ya rikice, yana tambaya ko gyaran da ya sa aka yi ne ya ɓata wani abu. Na ce a'a, Baba, ba kai ba ne. Na ci zabon don kada ya ji kunya. Ban san ɗanɗanonsa ba.

Alhamis, 27 ga Agusta, da hantsi

Na je shagon. Ni da ƙafata. Yana zaune a ƙasa cikin kwalaye, ba allo ba kaya.

Na ce, "Ba ni kwamfutar."

Ya nuna ta da haɓa. Tsohuwar tamu ce, da tabon shayin da na zubar a gefenta. Na zauna na kwance ta na bi ta lungu lungu, duk dabarar da na sani ta dawo da abin da aka goge na yi, ban samu komai ba. 

Ya ce, "Na gaya maka tun lokacin. Na goge. Wauta ce da kwaɗayi, na ɗauka tunda tana kantinsu ta zauna ke nan har abada. Abin da na zo faɗa maka waccan Litinin ɗin ke nan. Kwafi ɗaya ya rage a duniya, nasu. Da ka zaɓi mu zauna, da yanzu tana hannunka, ni da kaina zan cire tallan."

Na ce, "Kai ka sa tallan."

Ya ce, "Ni na sa. Ban ce ka yafe ba."

Ban yafe ba. Ina so a rubuce: ban yafe ba, kuma da za a sake sauke allon gobe da na sake neman benci. Na fito na bar masa kwamfutar a kwance.

Juma'a, 28 ga Agusta, da safe

Na sa muryar Kubra a gurbin farko na Rumbu, da izinin mijinta. Sista ta ce matan za su saba. Na zuba a wayar Inna tun kafin su tashi, na mayar da ita ƙarƙashin matashi.

Wannan karon ban fita alwala ba. Na tsaya a bakin ƙofa.

Salamu alaikum 'yar'uwa. Nasiha ta yi wuf ta rarumo wayar da hannu biyu. Ta saurara. Aka zo shirun, ba ta ce "Na sha, Umma" ba. Dariyar ta wuce, Allah Ya raba lafiya ya wuce. Ta ajiye wayar a kan tabarma a hankali.

Ta ce, "Ba ita ba ce."

Na ce wata ce Umma ta aiko.

Ta ce, "Baba, ka ce gyarawa za ka yi. Wa ya cire ta?"

Inna tana bakin murhu tana dama koko. Na ji ludayin ya tsaya.

Na ce, "Dabo ne."

Ta gyaɗa kai, ta maimaita sunan sau biyu don ta riƙe. Ta yarda da ni.

Inna ba ta ɗago ba. Ta zuba wa kowa kokonsa, nawa ta bar shi a tukunya.